Jarumtar me ke cikin jefa bam daga sama, har ake ta zana masu yinsa?

Ɗan'uwa tambayarka ita ce ka ga zanen wani jirgin yaƙi mai inji huɗu rataye a bangon ofishin wani Bature, da sa hannun wasu tsofaffi da fensir a ƙasansa, aka ce maka abu ne mai daraja sosai a wurinsu, shine kake mamakin wai jarumtar me ke cikin mutum ya hau sama ya saki bam kan mutane ya juya gida, har a zauna ana zana shi ana ratayewa. Toh tambayar nan da gaskiya a cikinta kuma bazan kauce mata ba, amma bari in fara da mutanen da ke cikin jirgin tukunna, don ni aikina gyaran jirage ne shekara da shekaru, kuma tarihin waɗannan yaran da zane-zanen da aka yi musu abu ne da na daɗe ina bi, ina ajiye wasu ma a ɗakina.

Yadda ka siffanta shi, inji huɗu, wutsiya biyu, cikinsa baƙi, kusan tabbas Lancaster ne, jirgin da Ingila ta fi dogara da shi wajen kai hari Jamus da daddare a yaƙin Hitila. An ƙera guda 7,377, sama da 3,200 sun tafi aiki basu dawo ba. Mutum bakwai ne a ciki: matuƙi, injiniya da ke zaune gefensa yana lura da mai da zafin inji, mai taswira da ke lissafin hanya a bayan labule da ɗan ƙaramin fitila, mai rediyo, mai sakin bam da ke kwanciya rub da ciki a hancin jirgi, maharbi na tsakiya a sama, sai maharbin wutsiya can ƙarshe shi kaɗai. Rundunar gaba ɗaya, wadda ake kira Bomber Command, mutum wajen 125,000 suka yi aikin tashi a cikinta, 55,573 suka mutu. Kaga kenan cikin kowane 100 mutum 44 ne basu ga ƙarshen yaƙin ba, banda wajen 8,400 da suka ji rauni da kusan 9,800 da aka kama fursuna. Sama da 8,000 daga cikin matattun ko Jamus basu gani ba, a wajen horo da sauran haɗurra suka mutu. Kuma matsakaicin shekarunsu 22 ne, yaran da a yau da ƙyar sun gama jami'a, kuma babu wanda aka tilasta wa hawa jirgi, duk mai tashi shi ya kawo kansa.

Ka'idar ita ce sai ka yi hari 30 kafin a sauke ka ka huta. Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi, don lissafin nan su ma sun iya shi, musamman masu taswira da lissafi ne sana'arsu. A ce duk dare ana rasa jirgi 5 cikin 100, ai kamar ba yawa ko? To maimaita shi sau 30, zaka ga wajen 21 ne kawai cikin 100 za su kai ƙarshe. Kuma akwai dararen da abin ya wuce haka nesa, daren 30 ga Maris 1944 an tura jirage 795 zuwa birnin Nuremberg na Jamus, wata ya haska fes, gajimaren da ake sa rai bai zo ba, injinan suna barin farin layi a sama kamar an ja alli, jirage 95 basu dawo ba, mutum sama da 500 a dare ɗaya. Wanda ya dawo da asuba zai shiga ɗakin cin abinci a bashi ƙwai da nama, abin da farar hula basa samu a lokacin saboda rabon abinci da kati, ya duba teburin da jiya wasu bakwai suka zauna ya ga ba kowa, ya je ɗakin kwana ya tarar an riga an kwashe kayan maƙwabcin gadonsa an naɗe katifa. Sannan gobe ko jibi a sake manna sunansa a allo. Jarumtar a nan take ɗan'uwa, a komawar. Sojan ƙasa idan ya shiga fagen daga yana ciki ne har a fito da shi, su kuwa waɗannan kullum sai an dawo da su cikin zaman lafiya, su ga ciyawa da shanu da 'yan mata a ƙauyen Lincolnshire, sannan da yamma su sake taka tsani da ƙafarsu suna sane da lissafin.

Kuma wanda zuciyarsa ta karye ya ce ba zai iya ba, ba lallashinsa ake yi ba. Akwai wani tambari na harafi uku, LMF, da ake buga masa a takarda, ma'anarsa wai ba shi da ƙarfin hali, a cire masa igiya a tura shi wani wuri da sauri don kada ya shafa wa saura. Wannan abu har yau yana min ciwo idan na tuna, yaro ya yi hari 20 ya ga abokansa suna ƙonewa a sama sannan a ce masa matsoraci.

Na taɓa tsayawa ƙarƙashin Lancaster na gaske a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan, wanda ake kira S for Sugar, ya yi hari 137 ya tsira, an jera zanen ƙananan bama-bamai a hancinsa ɗaya na kowane hari, a ƙasansu kuma an rubuta cika bakin da Goering, shugaban sojan saman Hitila, ya yi cewa babu jirgin abokan gaba da zai ratsa samaniyar Jamus. Mutane duk suna can gaba suna ɗaukar hoton hancin, ni kuwa wutsiya na zagaya. Wallahi na daɗe a tsaye. Ɗan keji ne na gilashi da ƙarfe, bindiga huɗu sun leƙo, wurin zaman bai fi mutum ya cusa kansa gwiwa na taɓa ƙarfe ba, kuma a haka maharbin wutsiya zai zauna awa bakwai ko takwas idan Balin za a je. Sanyi a can sama yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, idan ka cire safar hannu ka taɓa ƙarfe fatarka zata manne, numfashinka yana daskarewa a bututun iskar oksijin sai kana matsa shi kana fasa ƙanƙarar, amma duk da haka da yawansu cire gilashin gabansu suke yi gaba ɗaya, saboda ɗigon mai ko ɗan datti a gilashi zai iya ɓoye maka jirgin da ya zo kashe ku. Gara sanyi da makanta. Laimar saukarsa ma bata shiga kejin, a cikin jikin jirgi ake rataye ta bayan ƙofa, idan wuta ta tashi sai ya juya kejin daidai, ya buɗe ƙofa ta bayansa, ya miƙa hannu ya ɗauko ya maƙala. Wani mai suna Nicholas Alkemade a watan Maris 1944 ya buɗe ƙofar ya tarar laimar tasa tana ci da wuta, ya zaɓi ya faɗo da ya ƙone, ya faɗo daga ƙafa 18,000 ba laima, rassan itatuwa da dusar ƙanƙara suka tare shi ya tashi da targaɗe. Kwana bai ƙare ba.

A matsayina na mai gyara, abin da ya fi tsaya min a rai game da Lancaster shine ƙofar tsira. Jirgi ne mai kyau ƙwarai, matuƙa suna sonsa, yana ɗaukar kaya fiye da kowane, amma an gina shi ne don bam ba don mutum ba. Ƙofar da ke ƙasan hanci inci 22 ce da 26 da ɗan ɗori, ka auna a ƙasa ka gani, sannan ka ƙaddara mutum sanye da kayan sanyi jibgi-jibgi da laima a ƙirji, cikin duhu, jirgi yana juyawa yana faɗowa. A tsakiyar jirgin kuma akwai babban ƙarfen da ke riƙe fikafikai wanda sai ka haura shi ko da rana jirgi na tsaye. Wani masanin lissafi Freeman Dyson da ya yi aiki a sashen bincike na rundunar ya nuna cewa wajen 15 cikin 100 ne kawai ke fita da rai idan aka harbo Lancaster, a Halifax, wani jirgin bam na Ingila mai ƙofa mafi faɗi, wajen 25, kuma an yi ta rubuta takarda a faɗaɗa ƙofar amma abin ya yi ta jan ƙafa. Inci biyu ko uku, rayukan dubban yara.

Toh yanzu zane. Abu na farko da ya kamata ka sani, yaƙinsu da daddare aka yi shi, kyamarar wancan zamani bata iya kama abin da idonsu ya gani. Hotunan da ake da su na jirage ne a ƙasa da rana, ko hoton da jirgi ke ɗauka da kansa lokacin sakin bam wanda ba komai cikinsa sai zare-zaren haske. Launin abin kuwa, ja da kore na fitilun da jiragen gaba ke saki don nuna inda za a jefa, waɗanda Jamusawan ƙasa ke kira bishiyar Kirsimeti, shuɗin hasken babbar fitilar da idan ta kama ka saura duk su taru a kanka, jirgin da ya fashe ya zama ƙwallon wuta, babu mai iya dawo da wannan sai mai buroshi da ya zauna da wanda ya gani ya saurare shi. Shi ya sa zane ya samu gurbin da hoto bai samu ba a wannan fannin. Abu na biyu, da yawansu basu da kabari. A Runnymede kusa da Landan akwai bango mai sunayen ma'aikatan sojan sama sama da 20,000 da ba a san inda gawarsu take ba, sun faɗa teku ko sun tarwatse a sama. Iyalin da ba su da kabarin da za su ziyarta, zanen jirgi mai harafin jirgin ɗansu a jiki shine abin da ya rage musu su kalla.

Idan mutum ya ce in nuna masa zane ɗaya tak, na Stella Bowen zan nuna masa. 'Yar Ostareliya ce, gwamnatinsu ta ɗauke ta aikin zanen yaƙi, ta je sansanin Binbrook a Ingila inda runduna ta 460 take, rundunar da ita kaɗai ta rasa mutum sama da 1,000. Ranar 27 ga Afrilu 1944 aka tara mata mutum bakwai na jirgi ɗaya sanye da kayan tashi, ta yi zanen farko da fensir, su hankalinsu ma ba ya wurinta don a daren suna da aiki. Suka tashi zuwa Friedrichshafen a Jamus, basu dawo ba. Ta koma ɗakin aikinta a Landan ta ƙarasa zanen daga ɗan abin da ta zana da hotunansu, ta ce ji ta yi kamar fatalwa take zanawa. Daga baya aka gano mutum ɗaya ya rayu, Thomas Lynch, maharbin wutsiya, yana hannun Jamusawa an yanke masa ƙafa. Zanen yana Canberra, babban birnin Ostareliya, yanzu. Fuskoki bakwai ne a cunkushe, huluna da abin numfashi, sunayensu a rubuce a jikin wani ƙyalle da ya zagaya ta ƙasa, jirgin kuma yana samansu baƙi ya buɗe fikafikai kamar wani tsuntsu da ya rufe su. Ba wuta ba harbi ba komai, babu ma mai murmushi. Duk sanda na kalle shi sai in ga kamar ɗaliban aji ɗaya ne aka ce su tsaya a ɗauke su hoto.

Laura Knight ma ta yi nata a 1943, cikin jirgin Stirling kafin tashi, mutum huɗu kowa ya duƙufa kan aikinsa a matse cikin wayoyi da agoguna, babu mai kallon wani. Da ta ji an kashe mai taswirar da ke cikin zanen sai ta sa aka aika wa iyalinsa hoton zanen. Akwai kuma Miller Brittain ɗan Kanada, shi da kansa mai sakin bam ne kafin a mai da shi mai zanen yaƙi, zanensa na harin dare idan ka gani da farko sai ka ce ado ne, layukan haske sun sassaƙe sama, ƙananan jirage kamar ƙudaje a tsakani, sai ka matso ka ga ɗaya yana faɗowa da hayaƙi kuma abin da ke ƙasa gari ne yake ci. Paul Nash shi kuma ta wani gefen ya zo, ya je juji a Cowley kusa da Oxford inda ake tara tarkacen jiragen Jamus da aka harbo, ya zana su ƙarƙashin wata kamar igiyar ruwan teku da ta daskare, ya sa masa suna da Jamusanci, mataccen teku. Su ma waɗancan tarkacen da yara a cikinsu.

Wanda ka gani a ofis ɗin nan kuwa, mai sa hannu da fensir, na wani zamani ne daban. Daga wajen shekarun 1970 zuwa sama aka samu kasuwar buga kwafin zane adadi ƙayyadadde, masu zane irin su Robert Taylor suka yi suna a kai, sai a kai wa tsofaffin da suka yi yaƙin su sa hannu a kowane kwafi. Fensir ake amfani da shi don tawada tana koɗewa. Darajar tana ga hannun ne fiye da fentin, kuma yanzu ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya, misali George Johnson, na ƙarshe cikin waɗanda suka kai harin fasa madatsun ruwan Jamus, ya rasu a Disamba 2022 yana da shekara 101. Harin nan yana cikin waɗanda aka fi zanawa: daren 16 ga Mayu 1943, runduna ta 617, jirage 19 ƙarƙashin Guy Gibson mai shekara 24, da bam ɗin da Barnes Wallis ya ƙirƙiro mai tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke wurga faifan dutse a tafki. Dole sai jirgi ya sauko ƙafa 60 daidai saman ruwa da daddare, abin auna tsayi ba ya iya wannan, sai suka ɗaura fitila biyu a cikin jirgi waɗanda haskensu ke haɗuwa a kan ruwa idan an kai ƙafa 60, wato ka kunna fitila kana tunkarar masu harbinka. Madatsun Möhne da Eder suka fashe. Cikin mutum 133 da suka tafi 53 suka mutu, jirage 8 basu dawo ba.

Ga yadda nake gane mai zanen da ya yi aikinsa da wanda kasuwa kawai yake nema. Duba saman fikafikai, jirgin da ya yi aiki yana da dogon tabon hayaƙi fari-fari da toka-toka da ya kwanta daga bayan injina, fentin wajen da makanikai ke takawa ya goge, ba ya sheƙi kamar sabuwar mota. Duba haruffan gefe, ja ne mai duhu, kuma kowace runduna da nata, na Gibson a daren nan AJ-G ne, idan mai zane ya sa harafin wata runduna a harin da bata je ba tsofaffin nan take suke ganewa. Sannan duba yadda ya jera jiragen. Da yawa suna son su zana Lancaster biyar ko shida fiffike da fiffike cikin jan hasken faɗuwar rana, yana da kyau a ido amma harin dare ba haka yake ba, kowa shi kaɗai yake tafiya cikin duhu ba fitila a cikin wani dogon kwararo na ɗaruruwan jirage, sau da yawa alamar da zaka ji cewa akwai wani kusa ita ce jirginka ya girgiza cikin iskar da ya bari. Amurkawa ne ke tashi a jere da rana da B-17 mai mutum goma, su ma sun sha wuya, rundunarsu ta takwas ta rasa wajen mutum 26,000, a harin Schweinfurt na Jamus ranar 14 ga Oktoba 1943 jirage 60 cikin 291 suka faɗi. Kuma abin da na fi nema, ina mutanen? Zanen da ya nuna makanikai a tsaye cikin sanyin asuba suna kallon sama suna ƙirga masu dawowa ya fi min goma masu nuna ƙarfe yana walƙiya, ƙila don ni ma na san tsayuwar nan ta jiran jirgin da ka sa hannu ka ce lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ɓangaren tambayarka mai nauyi, mutanen ƙasa. Kana da gaskiya, kuma yawancin zanen kasuwa basa nuna su, wannan aibi ne da nake gani a fannin kuma ina faɗa. A 1941 wani bincike ya nuna cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari ɗaya ne kawai ya zo ko mil biyar kusa da inda aka aike shi. Maimakon a daina sai aka canza manufa, a Fabrairu 1942 aka ba da umarnin a riƙa auna gari sukutum, unguwannin ma'aikata da komai, kuma Arthur Harris da ya karɓi rundunar a watan ya riƙe wannan hanya da hannu bibbiyu har ƙarshe. Hamburg a Yuli 1943 wuta ta haɗu ta zama guguwa, mutum kusan 40,000 suka mutu, da yawa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa iska ta ƙare musu. Dresden a Fabrairu 1945 wajen 25,000. Ko harin madatsun da ake ta zanawa, ruwan ya ci mutum wajen 1,600, kuma da yawansu fursunoni ne da mata 'yan aikin tilas da Jamusawa suka kwaso daga gabashin Turai. Ban taɓa ganin an zana su a ƙarƙashin jirgin Gibson ba. Tun a lokacin akwai masu magana, Bishop George Bell ya tashi a majalisar dattawan Ingila a Fabrairu 1944 ya ce wannan ba daidai bane. Masu kare abin kuma suna cewa Jamus ce ta fara da Warsaw da Rotterdam da Coventry da Landan, kuma harin ya tilasta mata tsare dubban igwa da jiragen yaƙi da mutane masu ɗimbin yawa a gida maimakon fagen Rasha. Ni ra'ayina ƙona unguwannin farar hula da gangan zalunci ne ko wa ya yi, kuma alhakinsa yana wuyan waɗanda suka zauna a ofis suka zaɓi gari. Yaron da aka nuna wa jan zaren hanyar harin daren a taswira da ƙarfe uku na rana bashi da zaɓin inda zaren ya nufa, abin da ke hannunsa shine ko zai bar 'yan uwansa shida su tafi babu shi.

Kuma shida ɗin nan ba wasa bane. Yadda ake haɗa su ma abin mamaki ne, a zuba ɗaruruwan matasa a babbar rumfar jirage a ce ku zaɓi junanku, matuƙi ya zagaya ya ga fuskar da ta kwanta masa ya ce kana da mai taswira? shikenan an ƙulla. Ɗan Kanada da ɗan Ostareliya da ɗan Sikotlan a jirgi ɗaya. Daren 12 ga Yuni 1944 aka harbi wani Lancaster na runduna ta 419 a saman Faransa, matuƙi ya ce kowa ya fita, Andrew Mynarski ya kai bakin ƙofa sai ya waiga ya hango abokinsa Pat Brophy ya maƙale a kejin wutsiya. Ya koma ta cikin man da ke ci da wuta, ya sari kejin da gatari, ya ja da hannu, kayansa suka kama wuta, Brophy yana masa alama ya tafi ya tafi. Da ya ga ba yadda zai yi ya koma bakin ƙofa, ya juyo ya ƙame ya sara wa abokinsa, sannan ya faɗa. Ƙunar ta kashe shi. Brophy kuwa jirgin ya daki ƙasa kejin ya ɓalle ya wurgo shi da rai, shi ya dawo ya ba da labarin har aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Ingila, a 1946. Lancaster biyu ne kacal suka rage masu tashi a duniya, ɗaya a Coningsby a Ingila ɗaya a Hamilton a Kanada, na Kanadan an yi masa fenti da haruffan jirgin Mynarski, VR-A.

Bayan yaƙi gwamnatin da ta aike su ta ji kunyar Dresden ta juya musu baya. Firaminista Churchill a jawabinsa na nasara ya lissafo rundunoni bai yaba wa tasu ba, ba a yi musu lambar yaƙi tasu ta kansu ba, sai a 2013 aka basu ɗan maƙalli lokacin yawancinsu sun mutu. Shekara kusan 70 babu wani babban abin tunawa na ƙasa, a wannan tsakanin zanen da suke ratayewa a falo da wanda suke sa wa hannu a taron tsofaffi shine abin tunawarsu, shi ya sa kaga Baturen nan ya ɗauke shi da girma, ƙila kakansa na ciki. Sai 28 ga Yuni 2012 Sarauniya Elizabeth ta buɗe na Green Park a Landan, mutum-mutumi bakwai na tagulla da Philip Jackson ya ƙera, kuma ya yi abin da nake so, bai nuna su suna murna ba, sun dawo ne a gajiye, wani ya sa hannu a goshi yana duban sama yana neman waɗanda basu iso ba. Rufin wurin an sa masa gorar ruwan da aka narkar daga wani Halifax da aka tono a fadama a Beljiyam da gawar mutum uku har lokacin a cikinsa, a bangon kuma an rubuta cewa ana tunawa da mutanen kowace ƙasa da bam ya kashe a yaƙin.

Ka ce abin ya yi maka nisa, toh bai kai yadda kake zato ba. Akwai ɗan Najeriya Akin Shenbanjo da ya yi aikin rediyo a Halifax na runduna ta 76 har ya samu lambar jarumta ta DFC, abokan tashinsa suka rubuta wa jirgin suna a hanci saboda shi, baƙin yarima. Akwai Johnny Smythe ɗan Saliyo mai taswira da aka harbo a Nuwamba 1943 ya zauna fursuna a Jamus har ƙarshen yaƙi, ya dawo ya zama babban lauya a Firitawun. Runduna ta 218 ta masu jefa bam sunan Gwalkwas take ɗauke da shi, Ghana ta yau. Sannan tun daga 1940 jirage sama da 5,000 aka kawo a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a haɗa su a can, su biyo ta Legas su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri da Fort Lamy wato Njamena, El Fasher, Khartum har Alƙahira, sau da yawa jirgin bam ƙirar Blenheim ne a gaba yana ja wa ƙananan hanya don shi ke da mai taswira. Idan ka sake komawa ofishin nan, matsa kusa da zanen ka karanto min haruffa ukun da ke gefen jirgin da sunayen da ke ƙasa, daga su zan iya gaya maka rundunar da sansanin da suka tashi, wataƙila ma da daren.